Raɗin Sunan Uwayen Manzo

A wani ƙauye da ke gefen Galma, inda tudun duwatsu yake gangarowa ya durƙusa a bakin kwari, akwai wani tsoho da ake kira Manzo. Manomi ne kamar kowa, gero a tudu, dawa a fadama, amma an san shi da wani hali: ba ya ganin abin mamaki ya wuce. In ya tsinci dutse mai siffar katantanwa a gona sai ya jefa shi aljihu. Ya taɓa ɓata yini yana bin tururuwa don ya ga inda suke kai matattunsu. Matarsa Fatsima ta daɗe da gajiya da faɗa. In baƙo ya tambayi maigida, sai ta ce, "Shina can shina gaisawa da ƙadangaru."

Kakanninsa Azna ne, masu yanka a gindin dutse, amma shi da salla ya buɗe ido. Ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana yaro, ya fito da sanin haruffa da lambobi, sauran kuwa ya bar wa masu shi.

Ɗansa Nazifi shi ne ya yi nisa a boko, yana aiki a wani ɗakin gwajin jini a Yamai, a gida kuwa ana ce masa lokotoro, wato likita. Wata Sallar Layya ya zo gida da 'yan kwalabe ƙanana kamar yatsa, ya miƙa wa tsohon ɗaya.

"Baba, tofa mini yawu cikin wanga."

"Yawu? Ga rago, ga hura, duk ba su ishe ka ba sai yawuna? Lokotoro, boko ya kai ka inda ba a komowa."

"Asalinka za a duba, Baba. Daga inda kakanni sunka hito."

Fatsima tana bakin murhu tana juya kayan ciki, ta ɗago. "Kak ka ba shi. Yawu ba abin kyauta ba na. Wa ya san hannun da za shi faɗawa?"

Ita ta ƙi ba da nata, ko kallon kwalbar ba ta yi ba. Manzo kuwa, da ya ji an ce asali yana cikin yawu, ai ko ba a roƙe shi ba sai ya tofa.

Bayan an gama kaka, rumbuna sun cika an liƙe bakinsu, Nazifi ya sake zuwa. Suka zauna a rumfa, ya ɗauki kara ya share ƙasa da tafin hannu.

Ya ce a jikin kowane mutum akwai wani rubutu, yana cikin jini, yana cikin gashi da yawu. Akwai kuma wani yanki na rubutun da uwa kaɗai ke bayarwa. Takan ba ɗanta, ta ba ɗiyarta, amma ɗiya kaɗai ke miƙa shi gaba. Namiji yana riƙe da nasa har kabari. Ana kwafarsa daga uwa zuwa ɗiya kamar yadda ake kwafar allo daga allo, kuma sau ɗaya a cikin ƙarnoni sai hannu ya zame, harafi guda ya sauya. Duk wadda ta biyo bayan wannan matar ta hanyar mata sai ta gaji zamewar.

Manzo ya shafa tsagar kumatunsa. "Tsaga ke nan. Tsaga ta ciki, wadda wanzami bai yi ba."

"Yauwa! Ka gane."

Nazifi ya zana itace a ƙasa. Ya ce masu binciken suna tara mutane bisa waɗannan tsage-tsagen. Babban reshe sai su ba shi harafi, reshen da ya tsiro a jikinsa su ba shi lamba, na gaba harafi, na gaba lamba, haka suna yake ƙara tsawo kamar igiyar guga. Rassan da ke gindin itacen kuwa, waɗanda kowane ɗan Adam ya fito daga cikinsu, harafin L suke amsawa.

"Mi ya hana su ce A? Ba shi na farko ba?"

"Ba daga gindi sunka fara ba, Baba. Sun fara da mutanen wata ƙasa can bayan teku, sunka ba su A, B, C, D. Sa'ad da sunka iso ga tsohuwar, uwar kowa da kowa, haruffan gaba sun ƙare."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "An raɗa wa jikoki suna kafin kaka! Kai, Nasara."

Sai Nazifi ya bi reshe ɗaya da kan kara. L, sai biyu, sai a, sai ɗaya. Daga nan ya ja ɗan layi siriri shi kaɗai, ya zana tauraro a ƙarshensa.

"Ga ka nan. Suna ya tsaya. Kana da tsage-tsagen da ba su taɓa gani jikin kowa ba. Su kuwa ba su sa wa reshe suna kan mutum guda, sai an samu wani mai irinsu. Kafin nan, tauraro suka sawa, wato ga mutum amma ba a san ɗakinsu ba."

"To kai ba ɗana ba na? Tofa musu."

"Ni na Inna na ɗauko. Naka ba ya wuce ka."

"In na mutu hwa?"

Nazifi ya juya karan a hannunsa. "Sai in akwai wata ta ɓangaren ƙanwarka, Gwaggo Jima. In babu, tauraron shi ke nan."

Da Nazifi ya koma Yamai, Manzo ya hana a share wurin. Ya kife kwando a kan zanen don kada kaji su tone. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne jinjirin da ya mutu kafin ranar suna. Akan naɗe shi a ƙyalle a rufe bayan gida, ba rago, ba maroƙi, in ana lissafa 'ya'yan gidan sai a tsallake shi. Ga shi an ce masa uwarsa da uwar uwarsa da duk matan da suka goyi juna tun farkon duniya har aka kawo kansa, duk suna nan kwance kamar wannan jinjirin, shi kaɗai ne ƙyallen da aka naɗe su.

Ya gwada kiran su a zuci. Ta wajen uba ba wuya, maroƙa suna rattaba su a kowane biki. Ta wajen uwa kuwa, tasa uwar 'Yar Tamaske ake ce mata har ta mutu, sunanta na yanka a ranar jana'iza ya fara jin sa a bakin liman. Uwarta Ayya ce kawai. Bayan Ayya, duhu.

Da bazara ta kama, ya fita sharar gona. Rana ta take tsaka, duwatsu suna huci, ya fake a inuwar wani gawo da ke kallon busasshen rafi. Ko tsuntsu ba ya motsi. Can sai ya ga mata a cikin rafin.

A jere suke, ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya kan rairayin da ko jaki ba zai taka ba a wannan sa'a. Ba takalmi, ba magana, ba ƙarar sawu. Duk sun ba shi baya. Ta kusa da shi tana ɗaure da baƙin zane a ƙirji, a kafaɗarta ta hagu akwai tabon ƙuna mai faɗin tafin hannu. Ya san tabon. A kansa yake kwantar da kumatu lokacin da ake goyonsa.

Ta gabanta tana sanye da saƙi, ta gaba saƙin ya zama ɗan guntu, can gaba fata ce, can gaba kuma babu komai sai duwatsun wuya. Jerin ya bi rafi, ya hau tudu, ya shige cikin kawalwalniya, matan suna ƙanƙancewa har suka zama kamar ƙwayar gero. Ƙafafunsu suna ɗagawa suna sauka, amma ba sa yin nisa.

"Inna," in ji Manzo.

Ba wadda ta waiwaya. Ya ga kuwa ba laifinsu ba ne, kowace a jerin nan Inna ce a wurin wani. Ya tsaya yana kallo har inuwar gawon ta karkata, sai rafin ya koma rairayi kawai. Ya sauka ya duba. Babu sawu ko ɗaya.

Bai gaya wa Fatsima ba. Ya dai kira Nazifi a waya ya ce a aiko masa da kwalba ta hannun direba.

Jima ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. An kai ta aure can wajen Babankatami, shekarar babbar yunwa ta warwatsa mutane, labari ya yanke, daga baya aka aiko cewa ta rasu. Ya san ta bar ɗiya mai suna Biba, wadda rabonsa da ita tun tana goye.

Ya shiga motar 'yan kasuwa zuwa Madawa, ya sake wata ta hanyar Buza, sauran tafiyar kuma a bayan kabu-kabu, kwalbar tana cikin hularsa. Ya yi ta tambaya daga rijiya zuwa rijiya har aka nuna masa wani gida mai rumbunan laka manya masu tumbi. Wata mace ta fito, ta manyanta, furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabi. Da ta buɗe baki ta amsa sallama sai ya ƙura mata ido. Muryar Jima ce.

"Ni na Manzo, na Galma. Wan uwarki."

Ta dafe ƙirji. "Kawu? Kawu Manzo mai tsince-tsincen duwatsu? Inna tac ce in ka zo wata rana in ɓoye dutsen niƙa!"

Aka yi kuka, aka yi dariya, aka yanka zakara. 'Ya'yanta mata biyu suka zo daga gidajen aurensu suka durƙusa suka gaishe shi. Sai da aka ci aka sha, gida ya yi sauƙi, sannan ya cire hula ya fito da abin da ya kawo shi.

Ya yi mata bayani iyakar abin da ya riƙe. Rubutu da haruffa sun zame masa a hanya, sai ya faɗa da kalmomin da ya sani.

"Wani abu na da ɗa ke samu wurin uwa kaɗai. Kin san yadda aka cewa, a nono ya sha. To shi suka dubawa. Ni da Jima nono guda munka sha, ke kuwa kin sha na Jima. In sunka ga nawa da naki sun yi daidai, sai su raɗa wa uwayenmu suna."

Biba ta kalli kwalbar kamar an ajiye mata kunama a tabarma. Mace ce da ko kitso aka yi mata sai ta tattara gashin da ya zube ta binne, in ta tofa yawu a hanya sai ta rufe da ƙafa.

"Ina za a kai shi, Kawu?"

"Yamai. Daga can su sa shi jirgi."

"Wa za shi buɗe shi?"

"Masu aikin. Ban san su ba."

Ba a ce wa kawu a'a a ranar da ya fara taka gidanka, bare wanda ya keto duwatsu saboda kai. Ta karɓa da hannu biyu.

"Ba ni iya tofawa gabanka, da kunya. Bari in shiga daga ciki."

Ta zaga bayan ɗaki, ta ɗan jima, ta komo da kwalbar a rufe. Manzo ya mayar da ita cikin hula, ya kama hanya da zuciya fes.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Matan ba su daina zuwa ba. Duk ranar da gari ya buɗe, rana ta tsaya a ka, sai ya gan su. Da farko a rafi, sannan a bakin gonarsa, suna ratsa gero ba tare da ganye ya kaɗa ba. Ya ɗauka jira suke, shi ma jiran yake.

Gero ya kai gwiwa lokacin da Nazifi ya kira. Manzo ya hau kan tudun bayan gida inda waya take kamawa.

"Baba, ba su yi daidai ba."

"Kamar yaya?"

"Ba kusa ba ma. Ita reshenta daban na tun can ƙasa, L uku. Matar da ta tofa wanga yawu, ba Gwaggo Jima ta haife ta ba."

"Muryar Jima gare ta!"

"Murya ana koyo, Baba. Wataƙila riƙonta tay yi."

Ya sauko daga tudun a hankali. Da ya shigo gida, matan suna tsakar gidan. Jerin ya shigo ta ƙofar zaure, ya ratsa tsakanin turmi da randa, ya fita ta cikin katanga. Fatsima tana zaune tana tsince wake, gefen zanen wata yana wucewa dab da kunnenta, ba ta ko ɗago ba. Mai tabon tana kusa da shi har yana ganin fason dugaduganta.

"Mi ya same ka kake tsaye awa an dasa ka?" in ji Fatsima.

"Ba komi."

"Ba komi ba ya hana mutum cin tuwo. Ka rame, tsoho. Na ce maka kak ka ba da yawun nan."

Ya yi ta juya maganar Nazifi a ransa. In Jima riƙon Biba ta yi, wataƙila akwai wata ɗiyar ta cikinta a wani gari, Biba ce kaɗai za ta sani. Ya sa aka aiko da wata kwalbar, ya sake bin hanyar nan, wannan karon cikin laka, kabu-kabu yana zamewa a bakin kowane gulbi.

Ya iske Biba a ƙofar ɗaki da hantsi. Ita ma ta zube, idanunta sun faɗa. Bayan gaisuwa bai yi kwana-kwana ba.

"Ɗiyata, ba don in tozarta ki ba. Wa ya haife ki?"

"Wace irin tambaya ta wagga, Kawu? Jima mana. Ga ɗakin da anka yanke mini cibi can, ga inda anka binne ta."

"Sun ce yawun ba na ɗiyar Jima ba na."

Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin zane ta rufe baki. Da ta yi magana, a ƙasa-ƙasa ta yi.

"Na Cima na."

"Wace Cima?"

"Maƙwabciyata, ta bayan darni. Uwarta ta mutu wurin haihuwarta, Inna ta haɗa mu ta shayar, ni dama ita hagu. Ita ba ta tsoron komi, ko gashinta bari take iska shi kwashe. Kai kac ce abin a nono aka shan shi. Na ce to, ai ɗaya na. Nonon da na sha shi ta sha, har ta fi ni sha, don ita ta mai haɗama."

Manzo ya nemi inda ta yi kuskure ya rasa. Ko a shari'a Cima 'yar'uwarta ce, ɗan Jima ba zai aure ta ba. Shi ma da aka bar shi da hankalinsa, haka zai ce.

"Ashe ba nono suka dubawa ba," ya ce a hankali. "Tun cikin ciki aka ba da shi. Ni na faɗa miki ba daidai ba."

"To su mutanen nan ba su san nono ba?"

"Da alama injinsu bai sha ba."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta mutu nan da nan. Ta dubi inuwar rumbu, wadda ta fara janyewa zuwa gindinsa. Ta matso kusa da shi.

"Kawu, in tambaye ka. Ranar da kaz zo, kai kaɗai kaz zo?"

Ya dube ta. "Mi kika gani?"

"Tun da kat tahi, in rana ta tsaya, mata na wucewa ta bayan darnina. Ba su sallama, ba su waiwaye. Na tambayi Cima, tac ce ba ta ga kowa ba. Na tambayi mijina, yac ce in rage goro. Ƙaramar ɗiyata ta gan su. Jiya jikata, wadda ko magana ba ta gama iyawa ba, ta tsaya tana ɗaga musu hannu."

"Ta bayan duka, tabo gare ta a kafaɗa?"

"A'a. Mai tabon tana gabanta. Ta bayan duka Inna ta. Da zanen da munka rufe makararta da shi."

Kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Daga bayan darni babu wani sauti, amma su biyun suka juya wa wajen baya a tare.

"Kai ka nuna musu hanya," in ji Biba. "Ba zargi nike ba. Amma ni ina da jikoki. In suna suka so, a ba su su tahi. Kawo kwalbar."

Ya miƙa mata, ta karɓa. Wannan karon ba ta shiga ɗaki ba. Ta yi bisimilla, ta juya gefe, ta tofa, ta rufe da kanta.

"Ka ce wa ɗanka, abin da ya saura kak su zubar inda aka takawa. Su gina rami su rufe."

"Ni gaya mai."

Ya gaya masa kuwa. Nazifi ya ce zai faɗa musu.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, sanyi ya zo ya wuce. Nazifi ya kira ya ce yawun Biba ya yi daidai da nasa tsaga da tsaga, amma sa suna ba ya zuwa da wuri, sai masu kula da itacen sun zauna sun duba sun ƙara reshen. Manzo ya ce ba komai, wanda ya jira tun farkon duniya ba zai gaza 'yan watanni ba. Ƙafafunsa dai sun fara kumbura, ya koma dogara sanda. Ya ware wani farin rago ya ɗaure a turke, ya hana a sayar.

Sai da zafi ya komo sannan sunan ya fito. Nazifi ya karanta masa a waya, harafi, lamba, harafi, lamba, ya wuce inda tauraron yake da, ya ƙara gaɓoɓi a gaba. Tsohon ya sa shi ya maimaita har ya zauna masa a ka.

"Ba shi da daɗin faɗi," in ji Manzo.

"Ba don a kira anka yi shi ba, Baba. Don a jera na."

"Sunan da ba a kira, suna na?"

Washegari da safe ya sa aka yanka ragon. Liman ya tambaye shi na mene ne, ya ce sadaka ce ga iyaye, liman ya yi addu'a ya karɓi ƙafar ragon. Fatsima ta raba nama gida-gida tana gunaguni. Da rana ta kusa tsayawa, Manzo ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya ɗauki sanda.

"Ina za ka cikin wagga rana?"

"Wurin suna."

"Wa ta haihu?"

"Duk sun haihu," ya ce, ya fita.

Ya daɗe kafin ya kai rafin, yana tafiya yana hutawa. Matan suna nan. Yau shi ma ya ga Jima a cikinsu, a bayan mai tabon, siririya kamar yadda ya san ta. Ya sauka cikin rairayin, zafi yana ratsa takalminsa, ya tsaya a bayanta. Ya gyara murya yadda maroƙi yake yi a ƙofar gida in liman ya raɗa masa, ya ɗaga kai, ya faɗi sunan tun daga L har gaɓar ƙarshe.

Ƙafafun suka tsaya cak.

"Na'am," in ji Jima.

"Na'am," in ji uwarsa, da muryar da rabonsa da ita tun yana da baƙin gashi.

"Na'am," in ji Ayya. Ta gabanta ta amsa, ta gaba ta karɓa. Amsar ta bi rafi tana tafiya, baki zuwa baki. Da ta yi nisa sai ta daina zama na'am, ta koma wata kalma da bai taɓa ji ba, daga nan wata, amma ya san amsa ce. Ta hau tudu, ta yi ƙasa-ƙasa kamar kukan kurciya a wani gari, ba ta yanke ba. Can wani wuri ta tsaya, wurin matar da hannu ya fara zamewa a jikinta ke nan. Waɗanda ke gabanta ba su aka kira ba, suka ci gaba da tafiyarsu, jerin ya rabu biyu, sarari ya buɗe a kan tudun.

Manzo ya ji hawaye yana bin tsagar kumatunsa. Sun samu suna. Ko yau ya kwanta, ba za a tsallake su ba. Ya jira su ɗaga ƙafa su wuce, su bar jikokin Biba su yi wasansu.

Ba su wuce ba. Jima ta fara juyowa, a hankali, kafaɗa tukuna. Uwarsa ta bi. Ayya ta bi. Har can kan tudu, baya yana komawa gaba, ɗaya bayan ɗaya, rafin ya cika da fuskoki, kowace tana da wani abu nasa, wata hancin, wata goshin, wata ɗan karkacewar leɓen. Babu fushi a idanunsu. Kallonsa kawai suke, kallon uwar da aka kira tana tsakiyar aiki, ta ajiye, ta zo.

Nan ne tsohon ya tuna abin da bai shirya ba. Duk watannin nan suna yake nema, bai taɓa tunanin abin da zai biyo bayansa ba. Wanda ya yi kira kuwa, shi ke da magana.

"Ga mu," in ji uwarsa. "Mi kaka so?"

Manzo ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Rana tana tsaye a kansa, ba ta da niyyar karkata. Su kuwa ba gaggawa suke ba.